Murfin 'Yar Makwar

Asabar, bayan Azahar

Na gama wargaza motata, 'Yar Makwar. Abin da na kwashe shekaru ina haɗawa, kwance shi bai ba ni wata wahala ba, kuma wannan ya fi komai ba ni haushi. Yanzu hannuna ba shi da abin yi, shi ya sa na ari biron 'yata Ramla na zauna ina rubutu kamar wani malamin makaranta.

Duk wanda ya gudo daga yaƙin da ake yi wajen garin Dinder, nan Sudan, magana ɗaya yake kawowa: mayaƙan nan ba sa barin motar da ke tsaye a kan ƙafafunta. Saboda haka kowa a garinmu ya zama makanike. Mutumin da bai taɓa riƙe sifana ba, sai ka gan shi yana cire batir yana binnewa a bayan ɗaki. Tawa kuwa ba irin ta kowa ba ce. Kujera biyu gare ta, babu rufi, hancinta dogo, ƙirar Ingila tun kafin a haife ni. Duk wanda ya gan ta ya san ba don ɗaukar buhun albasa aka yi ta ba.

Injin da tayoyin suna cikin rami a bayan turken awaki. Fitilu da ƙananan ƙarafan da na goge har suna ɗaukar ido, na naɗe su a tsofaffin zannuwan matata Sakina, na sauke su cikin matmura, ramin da muke ajiye dawa. Ƙofofin biyu suna ƙarƙashin gadon Baba, domin babu mai ɗaga tsoho don ya leƙa ƙasan gadonsa. Gangar jikin na bar ta a rumfa, na sa Ramla ta riƙa watsa tsaba a kai don kaji su hau su yi abin da suka iya.

Murfin inji ne ya rasa wuri saboda tsawonsa, kuma shi na fi ji da shi, don shi ne fuskar motar. Na kai wa Bilyaminu maƙeri, abokina tun muna wanke allo a bakin kogi. Ya kwantar da shi a bayan maƙera, ya lulluɓe da buhu, ya tula karan dawa a kai. Na ce kada ya bar awaki su hau. Ya ce, "Amana ta, ya zol, mutumina. Tahi ka yi kwana."

Baba ya ci abinci. Ya tambaya me ya sa bai ji ƙarar sanfara, takardar yashin da nake goge ƙarfe da ita, ba yau.

Litinin, hantsi

Na fito da marfin tankin mai ina gogewa da toka da lemun tsami, ba don yana bukata ba. Baba yana kan gadonsa a inuwa yana saurare. Idanunsa yanzu haske da launi kawai suke gani, shi ma sai an kai abu dab da hancinsa, amma kunnen nan nasa babu abin da ke wuce shi.

Motar nan tasa ce, ko da yake bai taɓa mallakarta ba. Yana yaro shi ke wanke ta a gidan wani Bature da ya zauna a Makwar, garin da ke bakin madatsar ruwa, kuma bai taɓa shiga cikinta ba. Ni kuma na tsinci gawarta a bayan wani tsohon sito a can, akuya ta haihu a ciki. Ranar da na jawo ta gida a bayan tarakta, Baba ya shafa ƙofar ya fashe da kuka. A nan na rantse masa sai na tayar da ita, na zaunar da shi a kujerar da aka hana shi, mun je har bakin madatsar ruwa mun dawo. A shekarar ne yayana Khalid, da ya daɗe a Jidda, ya samo mini aikin fenti a can, buhiya kamar yadda muke cewa a nan, takardu har sun fito. Na ce masa ya dakata in gama motar Baba tukuna. Lokacin Ramla tana rarrafe. Yanzu ita ke gyara mini rubutu idan na ɓata.

Da tuni an gama, launi ne ya riƙe mu. Baba ya ce ja ce, kuma shi kaɗai ya rage a duniya da ya san irin jan. Sai in haɗa, in fesa a gindin gwangwani, in kai masa. Ya kawo hanci, ya daɗe, sannan ya ce, "Wanga ba shi na ba, Muntari. Nata ya hi duhu, awa zoɓon karkade da yak kwana." In ƙara duhu, ya ce na mayar da ita jinin rago. Wani lokaci sai ya yarda. In fesa murfin gaba ɗaya, in bi da sanfara mai laushi da ruwa, in sake fesawa, in goge har ina ganin haƙorana a ciki, sannan a fito da shi rana ya ce a'a, ya tuna, ba haka take ba. Na kankare murfin nan na sake har na daina lissafi.

Can baya, da ina kankare cikin ƙofar hagu, na tarar da wani launi a ƙasan sauran, manne da ƙarfen. Na tambayi Baba, ya ce aikin wani ne daga baya. Ba zan tsaya a kan wannan ba.

Laraba, bayan La'asar

Mayaƙan sun zo. Ba su daɗe ba. Ɗayansu ya tsaya a bakin rumfa, ya dubi gangar jikin da kashin kaji a kanta, ya yi dariya ya wuce. Ban taɓa jin daɗin a raina aikina ba sai yau. Gidan maƙwabcinmu Salih ba su yi irin sa'armu ba, kuma ba zan rubuta wannan ba.

Makarantar firamare ta cika da baƙi daga ƙauyukan gabas, mata da yara sun fi yawa. Hanyar kasuwa ta rufe, gidan burodi ya kashe wuta.

Baba ya ci kaɗan. Ya ce kukan yaran makaranta yana isowa har gadonsa.

Juma'a, bayan an sauko daga masallaci

Na kwana biyu ban taɓa littafin nan ba.

An buɗe takiyya, wurin girkin sadaka, a harabar makaranta, kowane gida yana kai abin da yake da shi a dafa wa baƙi. Mun ba da dawa. Sakina tana cikin masu yin kisra, siririyar wainar dawa, tana fita da sassafe ta dawo idanunta ja wur da hayaƙi. Da farko kullum ƙorafinta saj, faifan ƙarfen da ake gasawa a kai. Ta ce na gidaje ƙanana ne, kafin a kai ƙarshen layi yara sun yi barci da yunwa. Yanzu ta daina ƙorafi. Tana kawo mana namu a faifai, kisra faffaɗa, siririya, gasuwarta ɗaya daga wannan baki zuwa wancan. Na yaba, na ce lallai hannunta ya faɗa. Ba ta ɗago kai ba, na ɗauka gajiya ce.

Na ga Bilyaminu a masallaci. Na ce damina ta yi nisa, ina so in leƙa murfin kada laima ta shiga ƙarƙashin buhun. Ya ce, "Ba yau ba, ya zol, idanu sun yi yawa." Ya ɗauki takalmansa a hannu ya fita ta ƙofar da ba ta nufi gidansa ba. Gaskiyarsa, idanu sun yi yawa.

Lahadi, Magariba

An yi ruwa. Ina ta tunanin buhun nan.

Talata, hantsi

An ce kowane magidanci ya kai itace takiyya. Na kai nawa. Na sauke a bayan ajin da suke girki, na juyo, sai ga saj uku a jere a kan duwatsu, manya, baƙi ƙirin, ba irin na kasuwa ba. An naɗe bakinsu tsaf yadda ba zai yanki hannu ba. Mutum ɗaya ke naɗe baki haka a garin nan. Har na ce a raina madalla, ya samo ganga ya yanka.

Sai wata baƙuwa ta ɗaga kisra daga na tsakiya, ta goge shi da tsumman mai, wani layi rawaya ya fito a kusurwa, lanƙwashe kamar lauje. Na san layin nan. Tsatsa ce ta cinye wurin, ni na yanko ƙarfe daga ƙofar wani tsohon firji, na liƙe da tagulla, na bi da guduma da sanfara har yatsa ba ya jin gaɓar. Wuta ta cinye fenti, amma tagulla ba ta ɓuya. Na durƙusa na leƙa ƙasa. A cikin naɗin bakin akwai sauran ja.

Sakina tana kan na ƙarshe. Ta gan ni, na gan ta. Ta zuba ƙullu, ta ja shi da ɗan ganyen dabino yadda take yi kullum. Baƙuwar ta miƙo mini kisra mai zafi ta ce, "Itfaddal, ya haj," wato bismillah. Na ce na ƙoshi.

Ashe a kan murfina nake cin abinci tun makon jiya, har ina yabawa.

Talata, bayan La'asar

Ban ci ba. Baba ya ci.

Alhamis, bayan Azahar

Na je maƙera wurin mutumin. Ba zan ƙara rubuta sunansa a littafin nan ba.

Na same shi yana gyara fartanya. Karan dawa na nan tule a inda suke, don rainin hankali har buhun yana leƙowa. Na ce ya ɗaga karan. Bai ɗaga ba. Ya ce in zauna a kawo gahawa, na ce ban zo shan gahawa ba. Cikin duk maganganun da na shirya a hanya, abin da ya fito daga bakina shi ne, "Da mi kay yanka shi?"

Ya ce, "Da cizal. A hankali niy yi, wallahi. Buhiyar ta daɗe tana ci da wuta, ka zuba ta da yawa."

Na ce, "Kai kac ce amana ta."

"Na ce."

"To?"

Ya ajiye guduma. "Muntari, tun da nike ban taɓa abin mutum ba da izni ba. Koma gida ka tambaya."

Gida. Wato ita. Mutumin da na ɗauki gawar mahaifinsa a kafaɗata, yau shi ke ɓuya a bayan matata. Abin da ya fi ƙona mini rai, aikin ya yi kyau. Ko ni aka ba in yi saj ba zan wuce haka ba.

Juma'a, bayan an sauko daga masallaci

Liman ya tsayar da mutane bayan salla yana yi wa masu taimakon takiyya addu'a. Ya kira sunana. Ya ce Allah ya saka wa Muntari da ya ba da ƙarfen motarsa sadaka. Masallaci ya amsa da amin, tsofaffi suna miƙo mini hannu, wani har da rungumata. Na tsaya ina karɓar godiyar kyautar da ban yi ba. Ban san ko za a rubuta mini ladan ba, ni dai ban nema ba.

Mutumin yana sahun baya. Bai ce amin da ƙarfi ba.

Asabar, hantsi

Na yi magana da Sakina a bayan ɗaki, a hankali, kada Baba ya ji. Na ce ita ta fi kowa sanin abin da murfin nan ya ci na rayuwata.

Ta ce, "Na sani, Abu Ramla. Ni nika tace maka buhiya da kallabina."

"Kuma kib bada shi."

"Na gasa bisa nai, wanga gaskiya na, gobe ma ina gasawa. Yaran can ba su san wani ja ba, ciki sunka sani. Amma ba ni nab bada ba."

Na ce wa ya bayar. Ta ɗauki faifanta ta fita.

Shi ya ce gida, gida ya ce ba shi ba. Ramla ma ta sani, na gane daga yadda take kallon ƙasa in na shigo. Garin nan kaf ya ci a kan murfina yana gaishe ni da safe, ni kaɗai ne baƙo a cikin maganar.

Abin da ya fi damuna Baba. Yaya zan gaya wa tsoho cewa motar da yake jira ba ta da fuska? Irin murfin nan ba a samunsa a Sinnar, ba a samunsa a Khartum ma lokacin da Khartum take Khartum. Na gode Allah ƙafarsa ba ta kai shi masallaci yanzu, da ya ji daga bakin liman. Yau na ɗauki wani banzan ƙarfe na yi ta gogawa kusa da gadonsa, don ya ji sanfara ya ɗauka aiki na tafiya.

Layin waya ya dawo na ɗan lokaci, saƙon Khalid ya shigo. Ya ce akwai lori da za ta fita ran Alhamis ta hanyar Gadarif, ya yi magana da direban. In fita ni kaɗai tukuna, wani mai garejin fenti a Bur Sudan yana neman hannu, daga baya a ɗauko sauran. Na ba shi amsar da na saba ba shi, sai na gama da motar Baba. Da na aika na zauna ina kallon maganar.

Litinin, bayan La'asar

Na yanke shawarar in gaya masa. Har na tanadi abin lallashi, cewa zan buga sabon murfi da hannu daga rufin tsohuwar bas, zai ɗauki lokaci amma zai yiwu. Na zauna a bakin gadon na ce, "Baba, akwai magana bisa murfin mota."

Ya ce, "Saj ukku yab bada, ko? Na ce ma Bilyaminu shi hidda huɗu, yac ce wurin hanci ya cika lanƙwasa."

Ya miƙo hannu ya taɓa gwiwata ya ji ko ina nan.

Ya ce, "Ni nac ce a yanka shi. Na ji ka bar gaisawa da abokinka, kana yi ma matarka magana ta bayan ɗaki. Laihin nawa na, ka aje shi inda ya dace."

Na ce, "Baba, dominka nika yin ta. Kai kay yi kuka ran da nak kawo ta."

"Na yi kuka. Ran da nat taɓa kujerar wagga mota da jiƙaƙƙen hannu, mai ita ya zane ni da tiyon wanki gaban uwata. Shi nat tuna. Kai kaz zaci marmari na, ni ko ban gyara maka ba."

"Don mi?"

"Khalid ya ce shekara biyu za shi yi. Uwarku ta rasu ba shi nan. Kai ma takardunka sun hito. Mi gare ni da zan riƙe ka da shi? Gona ta ƙi, ido ya hwara tahiya. Sai ga ka jawo wagga gawa har gida ka rantse. In na ji sanfara cikin rumfa, na san ina da ɗa cikin gida. Khalas, shi ke nan."

Na tambayi abin da na riga na sani. Na ce, "Jan hwa?"

Ya yi 'yar dariya, wallahi dariya ya yi. "Tsanwa ta, awa ganyen kuɓewa. Kai kac ce min wata rana ja ya hi kowace buhiya wuyar haɗi."

Sannan ya ce kukan yaran makaranta ne ya hana shi sakat, kuma tun da aka ƙera motar nan wannan ne karo na farko da ta ciyar da wani. Ya ce ya ji maganar lorin Alhamis, Ramla ta gaya masa. "In za ka tahi, tahi da sanin gaskiya. Ba ni ƙara riƙe ka da ƙarya, na gaji."

Na tashi. Ban taɓa barin gabansa ban ce masa a huta lafiya ba sai yau.

Talata, hantsi

Kore ne. Na gan shi da idona a cikin ƙofar hagu, manne da ƙarfen, inda fentin farko kaɗai ke zama. Duk mai sana'armu ya san wannan. Na gani, ubana ya ce ba haka ba ne, na yarda da ubana. Wannan laifi ne?

Na yi furfura a rumfar nan ina neman launin da babu shi. An ci amanata, kuma wanda ya ci shi ne wanda nake ta tsoron kada ya ji an ci. Raina ya ɓaci yadda bai taɓa ɓaci ba, kuma babu inda zan kai ƙara.

Laraba, bayan Azahar

Na sake aika wa Khalid na ce ina zuwa. Sakina ta wanke mini kaya, ta ƙulla busasshiyar kisra a leda don hanya. Na san a kan me aka gasa ta. Na karɓa.

Na bi ta maƙera. Na tsaya daga waje na ce, "Bilyaminu, ka duba min gida." Ya ce, "Amana ta." Sai ya ji abin da ya faɗa, ya sunkuyar da kai. Na wuce.

Ramla ke kai wa Baba abinci. Ta ce bai ci ba.

Alhamis, bayan Azahar

Jakata tana bakin ƙofa tun da sassafe. Lorin tana kasuwa ana ɗora mata mutane, direban yana ta danna hon. Na shiga in yi wa Baba sallama, domin duk abin da ya yi ba zan fita ban yi ba.

Yana zaune a kan gadon, fuskarsa wajen rumfa. Bai ce in zauna ba, bai ce kada in tafi ba. Ya ce Allah ya kiyaye hanya, in gaida Khalid. Muryarsa daidai take. Hannunsa ne kawai ke tafiya a kan katakon gadon, gaba da baya, gaba da baya, da ɗan tsayawa a ƙarshe yadda nake yi in zan tsoma sanfara a ruwa. Bai san yana yi ba.

Na ce ya ɗaga ƙafa. Na jawo ƙofar hagu daga ƙarƙashin gadon, na jingina ta a ginshiƙin rumfa, na ɗebo ruwa a gwangwani. Na ɗauki sanfara mai kaushi na sa a tsakiyar jan, inda ya fi sheƙi. Ruwan ya riƙa gangarowa ja a ƙasa. Lorin ta yi hon, ta ƙara, sannan na ji ta kama hanya. Sakina ta fito ta ɗauki jakar ta mayar ɗaki.

Kafin rana ta take koren ya fito, faɗin tafin hannu. Baba ya ce Ramla ta kawo masa kisrar jiya.

Ban yafe masa ba. Na rubuta ne don kada wani ya ga na zauna ya ɗauka na yafe. Ban san ranar da zan iya zama a bakin gadon nan kamar da ba. Motar ba ta da murfi, ba za ta je madatsar ruwa ba, ni da shi duk mun sani.

Sanfarar da ta rage mini ba ta da yawa, kuma hanyar kasuwa a rufe take. Zan riƙa gogawa a hankali.